Sai da ya auna lambun kafin ya yanke kuɗin kaftu

Shekara da shekaru da fartanya nake kafce lambuna, amma bana ciwon baya ya hana ni, sai na kira wani mai ƙaramin injin kaftu. Aikinsa ya yi kyau, sai dai yadda ya yanke kuɗin ne ya fi tsaya mini a rai.

Tun a waya na matsa masa ya faɗa mini nawa zai karɓa, ya ce sai ya ga wurin da idonsa. Da ya zo ya ciro tef ya auna: faɗi mita 8, tsawo mita 12, murabba'in mita 96 ke nan. Ya soka ƙarfe a wuri uku, ya damƙi ƙasa ya matse ta a tafin hannu. Ta dunƙule ta ƙi wargajewa, sai ya ce mu bar ta ta sha iska kwana biyu, domin jiƙaƙƙiyar ƙasa in aka kafce ta hoge take yi, in ya bushe kuwa iri ba ya jin daɗinsa.

Daga nan ya raba lambun gida biyu. Ɓangaren da nake nomawa duk shekara ƙasarsa ta yi laushi, bi ɗaya ya ishe shi. Ɗaya ɓangaren, wanda ban taɓa sa masa fartanya ba, ciyawar kiri-kiri ta cinye shi, sai an bi shi sau biyu, na biyun a gicciye, kafin haƙoran injin su kai zurfin santimita 15. Kuɗin kowace mita a nan ya fi na can, kuma ya nuna mini dalili: man fetur, lokaci, da haƙoran da tauri ke cinyewa. Wallahi wannan jingar ta fi mini kwanciyar hankali a kan lissafin awa, inda ko injin ya mutu ana gyara agogo na tafiya a kanka.

Akwai kuma kuɗin da ba ya sauka ƙasa da shi komai ƙanƙantar wuri. Da farko ya sosa mini rai, amma da na ga wahalar ɗora injin a mota da sauke shi, na gane hakkinsa ne.

Inda na ga gazawarsa ɗaya ne. Kusa da katanga injin ya ci karo da saiwoyin wata tsohuwar bishiya, ya tsaya ya sare su da gatari, bayan an gama ya ce akwai ƙari. Na biya, don guminsa na gani, amma kamata ya yi ya faɗa mini tun ranar awo cewa saiwa da duwatsu ba sa cikin jinga. Na gaya masa haka, ya amsa laifinsa. Baɗi ma shi zan kira, kuma tare za mu zaga gindin katangar kafin mu tsayar da magana.