Bakin injekta mai milimita 70 da gajeren manifol: abin da na gani cikin wata biyar a Jos

Motata Honda Accord ce ƙirar 2003, wadda muke ce wa EOD, mai silinda huɗu da giyar hannu. Shekara shida ke nan tana hannuna, kuma kusan duk bayan mako biyu sai na sauka Abuja da ita na dawo, saboda harkar kasuwancina. Injinta K24A4 ne, lita 2.4, wanda kamfanin ya ce yana ba da ƙarfin doki 160 idan ya kai juyi 5,500 a minti. Na san halinta kamar yunwar cikina. Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, idan ina Abuja sai in ji motar da kuzari, ina taɓa totur ta zabura, amma da na hau tudun Jos sai ta yi sanyi kamar an ɗora mata buhunan masara.

Wani abokina da ke yawan zuwa garejin Apo ne ya ce mini iska ce ba ta isar ta, in faɗaɗa mata maƙogwaro. Maganar ta shige ni. Na yi odar kaya biyu daga waje ta intanet: bakin injekta mai faɗin milimita 70, wato kwanon nan mai faifai a ciki da ke buɗewa idan ka taka totur, da kuma manifol, wato bututun da ke raba wa silinda iska, na alminiyam mai gajerun bututu da babban ciki. Kuɗin da na kashe, har da na dako, ya isa in sa wa motar sababbin tayoyi huɗu masu kyau.

Zan fara da yabo, domin kayan sun cancanta. Ranar da na buɗe kwalin a gaban shago, sai da yara suka taru. An goge bakin injektan yana sheƙi, faifansa na tagulla yana rufewa ruf, ka ɗaga shi ga rana da ƙyar za ka ga zaren haske a gefe. Ramukan kusoshi sun zauna daidai, gaskit ya zo a ciki, wurin ɗaura wayar totur bai buƙaci a yi masa walda ba. Cikin wata biyar ban ga ya lanƙwashe ko ya yi tsatsa ba. Wanda ya ƙera su ya san aikinsa. Matsalar a wurin girma take, kuma ni na zaɓi girman.

Bakaniken da ke duba mini mota dattijo ne a wajen Dilimi, ya fi shekara talatin yana kwance inji. Da ya ɗauki sabon bakin ya jera shi da tsohon, sai ya yi shiru, ya sa na'urar awo ya auna tsohon, kusan milimita 60. Ya ce, “Alhaji, wannan fa bakin babbar mota ne. Taka ba za ta iya cinye abin da zai ba ta ba.” Na ce, “Baba, a gwada dai, tunda kuɗi sun riga sun fita.” Ya ce to, amma in bar masa tsofaffin kayan a ajiye, kada in sayar. Har gobe ina gode masa a kan wannan shawarar.

Bakin kaɗai muka fara ɗaurawa a kan manifol na asali. Nan take Baba ya nuna mini abu da yatsa: ƙofar manifol ɗin ta fi sabon bakin ƙanƙanta, saboda haka akwai dandamali na kusan milimita biyar a zagaye, inda iska za ta zo ta yi karo kafin ta shige. Ka gina ƙatuwar ƙofar zaure alhali ƙofar tsakar gida tana nan yadda take, me ka ƙara? Da na fita da motar na ji kamar ta ƙara kuzari, don ina ɗan taɓa totur take tsalle. Kwana uku ina murna. Daga baya na gane cewa faifai mai faɗi, ko kaɗan ka karkata shi, ramin da yake buɗewa ya fi na ƙaramin faifai, shi ya sa taɓawa kaɗan ke kama da taka rabi. Amma idan na take totur har ƙasa, motar tana nan yadda na san ta, ba ta ƙara komai ba. An tattara mini duk aikin totur a farkon taku, sauran takun ya zama fanko.

A cunkoson Terminus da Farin Gada na fi shan wahala. Kana bin bayan Keke Napep a giya ɗaya, kana so ka ɗan matsa taku biyu, sai motar ta fizga, ka saki, ta dunguri. Dole ka riƙa wasa da kuloci, ƙafar hagu ta gaji. Uwargida ta tuƙa ta sau ɗaya zuwa Bukuru, ta dawo ta miƙo mini makulli ta ce, “Maigida, wannan motar ta canza hali, ni kam ba zan ƙara ɗaukar yara a cikinta ba sai an gyara.” Ga kuma silo. Da asuba a lokacin hunturu, sanyin Jos da kowa ya sani, allurar juyi sai ta riƙa hawa da sauka ita kaɗai. Sai da Baba ya sa mita ya daidaita na'urar da ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota inda faifan yake, ya mayar da ita wajen rabin bolt idan totur yana sake, ya wanke bawul ɗin silo, sannan ta ɗan natsu. Duk mai son sa irin wannan kaya ya sani cewa ba ɗaurawa kawai ba ce, akwai saiti a bayanta.

Sai muka ɗaura sabon manifol ɗin, ina cewa yanzu ƙofa da zaure sun daidaita. A nan ne na koyi abin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhin.

Ƙarar injin ta canza, ta yi kauri, mai daɗin ji. Daga juyi 5,500 zuwa sama na ji ta ɗan fi sakewa, ba ta shaƙewa kamar da. Amma injin nan jan layinsa, iyakar juyinsa ke nan, a 6,500 yake, wato ribar da na samu tana cikin ɗan tsukin da ba na shiga sai jefi-jefi. Tsakanin juyi 2,000 da 4,000 kuwa, inda nake rayuwa kullum, motar ta zama raguwa. Hawan Kibo ne ya ba ni shaida. Duk wanda ke dawowa Jos daga Abuja ta Akwanga ya san wannan hawan, da lanƙwasarsa, da tirelolin da ke rarrafe a kai. Akwai wurin da na saba hawa a giya huɗu hankali kwance, ni da kaya a but. Da sabon manifol, a daidai wurin nan, na take totur har ƙasa, injin ya yi gurnani, allurar gudu ta ƙi motsi. Sai da na dawo giya uku. Da na zo wuce wata tirela sai da na koma giya biyu na kai juyi sama, ga mota tana tahowa daga gaba. Na wuce lafiya, amma tafin hannuna ya jiƙe da gumi a kan sitiyari, kuma a wannan ranar na yanke shawarar mayar da tsofaffin kayan. Man da take sha ma ya ƙaru, tunda kullum ina riƙe ta a ƙaramar giya.

Dalilin yana cikin tsawon bututun. Iskar da ke gudu cikin bututu zuwa silinda tana da nauyi da gudu. Idan bawul ya rufe, iskar nan tana cin karo, matsin ya koma baya cikin bututun ya sake dawowa. Idan dawowarsa ta dace da lokacin da bawul yake buɗe, sai ya ƙara cusa iska cikin silinda kyauta. Dogon bututu siriri yana sa wannan dacewar ta faɗo a ƙaramin juyi da matsakaici, kuma yana sa iskar ta yi sauri ko da fistin ba ya gudu sosai. Gajeren bututu mai faɗi yana kai dacewar can sama. Shi ya sa Honda ta sa wa Accord dogayen bututu masu lanƙwasa, ƙarfin janta ya fi yawa a juyi 4,500, ta kuma sa wa Civic Si na 2006 manifol mai gajerun bututu da ake kira RBC, saboda injinsa K20Z3 yana ba da doki 197 ne a juyi 7,800, yana kaiwa 8,000. Wancan injin yana da kam, wato sandar da ke buɗe bawul, da kan inji da aka yi domin can sama. Nawa kuwa, i-VTEC ɗinsa, wato tsarin Honda na sarrafa bawul, na tattalin mai ne, a ɓangaren shigar iska kaɗai yake aiki. Na ba shi huhun ɗan tsere alhali zuciyarsa ta matafiyi ce. Kamfanonin da suka so cin riba biyu ma dabara suka yi: Toyota ta sa ACIS a injin V6 na Camry, BMW ta sa DISA, wato wani faifai a cikin manifol da ke canza hanyar iska gwargwadon juyin inji.

Da na zauna da biro da takarda, lissafin bai da wuya, kuma da na yi shi tun farko da kuɗina suna aljihuna. Cikin injin nan siisii 2,354 ne. Inji mai bugu huɗu yana shaƙar cikinsa sau ɗaya a kowane juyi biyu. A juyi 6,500, ko da silinda tana cika maƙil, abin da zai ja bai wuce lita 7,650 a minti ba, wato kusan lita 128 a daƙiƙa. Ramin milimita 60 faɗinsa ya kai santimita murabba'i 28, na milimita 70 ya kai 38 da rabi. Ƙarin milimita goma kacal, amma ramin ya ƙaru da kusan kashi 36 cikin ɗari. Injin kuwa bai ƙara ko siisii ɗaya ba. Mutane suna kallon milimita goma kamar ƙaramin abu, su ce bari ma su sayi 74 ko 80, ba su san na 80 ya fi na 60 da kusan kashi 78 cikin ɗari ba.

Akwai gwajin da ya fi lissafi sauƙi, wanda ƙanena ya nuna mini bayan mun mayar da tsofaffin kayan. Ya jona 'yar na'urar duba mota a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, ta haɗu da wayarsa, ya buɗe awon matsin iskar da ke cikin manifol. Da aka kunna makulli ba a tayar da inji ba, ta nuna kilofaskal 88, wato matsin iskar Jos ke nan. Muka fita hanyar Mararrabar Jama'a da sassafe babu motoci, ni ina tuƙi, shi yana kallon waya. Na take totur har ƙasa a giya biyu zuwa juyi 6,000. Ya ce, “Yaya, 86 ta nuna.” Bambancin biyu kacal tsakanin waje da ciki, har da abin da matatar iska ta ci. Ma'ana tsohon bakin bai taɓa shaƙe injin ba. Da awon ya faɗo ƙasa sosai, a lokacin ne za a ce ƙofa ta yi ƙunci.

Wannan lambar 88 ita ce ta warware mini tambayar da ta kai ni sayen kayan tun farko. A bakin teku matsin iska 101 ne. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, Abuja kuwa ba ta kai rabin haka ba. Iskar tudu ba ta da kauri, kowace lita tana ɗauke da iskar oksijin ƙasa da ta gangare, kuma injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi uku cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300 da ya hau. A Jos ke nan mota tana asarar kusan kashi 12 idan aka kwatanta da Legas. Silindar tana cika, amma da siririyar iska take cika. Faɗin ƙofa ba ya ƙara wa iska kauri. Abin da ke yin haka shi ne turbo ko sufacaja, masu danna iska da ƙarfi, kuma wannan wani babi ne mai tsada da ke buƙatar allurar mai da saitin ƙwaƙwalwa da suka dace.

To wa ya kamata ya sayi irin kayan nan? Wanda ya riga ya canza kam, ya gyara kan inji, ya sa salansa mai sakin hayaƙi, yana da ƙwaƙwalwar da za a iya sake saitawa, kuma injinsa yana kai juyi 7,500 ko 8,000, a filin tsere ba a titin jama'a ba. Ga irin wannan mutum, milimita 70 da gajeren manifol suna da wurin zama, kuma zan ba shi shawarar ya tabbatar ƙofar manifol ta yi daidai da bakin, babu dandamali. Mai turbo shi ma lissafinsa daban ne. Amma mai Accord ko Camry ko Corolla da bai taɓa cikin injinsa ba, wanda ke kai yara makaranta ya hau Hawan Kibo da kaya, ya fara aron na'urar duba mota ya yi gwajin nan na minti goma kafin ya tura kuɗinsa waje.

Ni dai Baba ya sauko da tsofaffin kayan daga kan kanta, ya kakkaɓe ƙura, ya wanke bakin na asali da fetur da tsohon buroshin haƙori har baƙin da ya daskare a gefen faifan ya fita, ya sa sabon gaskit, sabbin filogi da sabuwar matatar iska. Makon da ya wuce na dawo daga Abuja da yamma, but cike da kaya, na hau wurin nan a giya huɗu. Sabbin kayan kuwa suna cikin kwalinsu a shago, wani yaro mai gina injin K20 a Abuja ya ce zai zo ya duba su ranar Asabar.