All-22 na NFL+: kallon kwatabak daga sama

Don bidiyon All-22 kaɗai nake biyan NFL+ Premium, manhajar kallon wasannin NFL, babbar gasar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka. Kyamarar talabijin ƙwallo take bi, ita kuwa wannan daga saman fili take ɗauko 'yan wasa 22 gaba ɗaya, sannan ta sake nuno wasan daga bayan layi. Babu mai sharhi, babu kiɗa.

A nan ake gane matashin kwatabak, wato ɗan wasan da ke jagorantar hari yana jefa ƙwallo ga masu karɓa. Kana ganin inda ya fara duba, ko ya tsallaka zuwa mai karɓa na biyu, ko kuwa ƙafafunsa sun rikice tun kafin a iso shi. Na sha maimaita wasannin Brock Purdy, kwatabak ɗin da ƙungiyar San Francisco 49ers ta ɗauka na 262, na ƙarshe a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2022. Hannunsa ba wani ƙarfi na a zo a gani ba, amma yakan saki ƙwallo tun mai karɓa bai juyo ba.

Sai dai wasannin NFL ne kawai. Mai neman tantance ɗan jami'a kafin zaɓen Afrilu ya nemi wata hanya. Sabon mai kallo ma zai gundura, don 'yan wasan ƙanana suke fitowa, a waya lambar riga da kyar take karantuwa.