Kafin ka sayi radar mai kula da numfashi, leƙa ɗakin da za ta kwana

Baba na fama da asma, kuma ba ya yarda a ɗaura masa komai a hannu in zai kwanta. "Ni ba ragon layya ba ne," in ji shi. Shi ya sa da ƙurar hunturu ta rufe Yamai na shiga neman na'urar da ke ƙirga numfashi daga nesa.

Ita ce ake kira radar: igiyar rediyo take aikawa, ta bugi ƙirji ta dawo. Numfashi na ɗaga ƙirji milimita kaɗan, motsin bugun zuciya kuwa bai kai ko milimita 1 ba. A nan kaya suke rabuwa.

Masu araha, irin LD2410 mai gigahaz 24 (ma'aunin saurin kaɗawar igiyar rediyo), aikinsu su shaida akwai mutum a ɗaki. Kada mai shago ya ce maka suna auna zuciya. Masu gigahaz 60, kamar MR60BHA1 na Seeed Studio, suna ba da numfashi da bugun zuciya, amma sai mutum na kusa, wajen mita ɗaya da rabi, kuma guntun allon lantarki ne tsirara, sai ka samu mai gyaran lantarki ya haɗa maka. Nest Hub na biyu da Google ya fitar a 2021 ya zo a shirye, yana bin barci da numfashi, sai dai ba ya rabuwa da intanet da wuta. Wanda ya san yadda ake ɗauke wuta a daren Afrilu a nan ya san abin da nake nufi.

Na tsakiyar na ɗauka. Daren farko lambobin suka yi ta tsalle, har na tashi Baba a firgice. Ashe fanka ce ke kaɗa gidan sauro, ga jikansa ya lallaɓo ya kwanta a bayansa. Radar ba ta san jiki da labule ba, motsi kawai ta sani. In ana kwana uku a katifa ɗaya, ko a tsakar gida lokacin zafi, ajiye kuɗinka.

Kuma ba ta auna iskar oksijin a jini. Wannan sai ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa, mai batir biyu, wanda ya fi ta araha nesa ba kusa ba. Shi na ƙara saye. Radar tana gadin dare, in numfashi ya wuce 20 a minti ya ƙi sauka, sai in zo da na yatsa.

"Kawo, ɗan nan," Baba kan ce, yana miƙo manuniya. "Wannan dai minti ɗaya ne."