Sansanin Koyon Kwamfuta na Dogon Hutu: Abin da Na Gani Cikin Mako Huɗu

Da dogon hutu ya kama, na rasa wanda zan zaɓa wa 'yata mai shekara tara tsakanin sansanin kwana da na jeka-ka-dawo. Yayanta ya taɓa halartar taron IVC, wato sansanin kwana na koyar da addini da ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN ke shiryawa a hutun Disamba, ya kuma dawo da natsuwa da son sallar jam'i, amma a lokacin ya haura shekara sha huɗu. Ita kuwa har yanzu sai an tuna mata ta saki gidan sauro, don haka ban ga hikimar tura ta kwana wani wuri a tsakiyar damina ba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar da yara. Sai na sa ta a wata cibiyar koyon kwamfuta da ke nan Kano, daga ƙarfe tara na safe zuwa bayan Azahar.

Abin da ya fi burge ni shi ne manhajar da suke koyarwa da ita, wato Scratch, wadda jami'ar MIT ta Amurka ta ƙirƙiro domin yara masu shekara 8 zuwa 16. Yaro ba ya haddace dogon rubutu. Tubala masu launi yake ja ya jera su, hoton da ke allo ya motsa bisa umarninsa. A mako na uku ta nuna mini ɗan wasan da ta haɗa da kanta, ta kuma bayyana mini dalilin da ya sa ya ƙi aiki da farko da yadda ta gano kuskuren. Wannan bayanin ya fi mini takardar shaidar da suka ba ta daraja. Malamar ajinsu ma ta cancanci yabo, domin ba ta sallamar yaro sai ga wanda aka rubuta sunansa a fom.

Inda suka gaza shi ne yawan ɗalibai. Sun karɓi yara fiye da na'urorinsu, har ta kai uku suna raba kwamfuta ɗaya, kuma mai ƙarfin hali ne ke riƙe linzamin, mai kunya ta zama 'yar kallo. Idan aka ɗauke wuta kuma, akan ɓata lokaci kafin a tayar da janareta. Sai da muka yi magana da shugaban cibiyar aka raba ajin gida biyu.

Baɗi zan mayar da ita, amma ba zan biya kuɗin ba sai na shiga ajin na ƙirga kwamfutocin da idona.