Garin kunun gida ko abincin gwangwani: wanne za a fara wa ɗan wata shida?

Wata 'yar'uwa ta yi tambaya. Ɗanta ya cika wata shida a kan nono zalla. Surukarta ta ce a dama masa koko kamar yadda aka yi wa ubansa, ƙawayenta sun ce ta sayi Cerelac, ita kuma ta ji ana maganar garin haɗi na gero da waken soya da gyaɗa. Wanne za ta kama?

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari, Allah Ya raya shi. Mu fara ajiye koko zalla a gefe, ba don raina shawarar Inna ba. Kamun da aka tace an zubar da dusarsa, abin da ya saura yawanci sitaci ne, sannan a zo a tsinka shi da ruwa don yaro ya iya haɗiyewa. Cikin ɗan wata shida bai wuce ya ɗauki kofin shayi guda ba. In kin cika shi da tsululun koko, ya ƙoshi da ruwa, ya rage shan nono, bai kuma sami abin da zai gina masa jiki ba. Da yawa daga cikin yaran da nauyinsu ke tsayawa cak a katin awo daga wata bakwai zuwa shekara, daga nan matsalarsu take farowa. Saboda haka ainihin zaɓinki yana tsakanin biyu ne: garin haɗi na gida da abincin gwangwani.

Ta fuskar ƙarin jini, gwangwani ya fi, kuma gara a faɗi gaskiya. Jariri yana zuwa duniya da ajiyar sinadarin ayon da ya samo daga mahaifiyarsa, ajiyar nan tana ƙarewa wajen wata shida, nono kuma ba shi da ayon mai yawa. Kamfanoni suna zuba ayon da zinki da bitamin a cikin garinsu da awo. Gero da waken soya su ma suna da ayon, gero ma ya fi masara, amma hatsi da wake suna ɗauke da wani sinadari mai riƙe ayon ɗin ya hana hanji tsotsarsa. Jiƙawa da tsimawa suna rage shi, ba sa kawar da shi duka. Jar dawa ta fi kowa wannan hali, shi ya sa gero ko farar dawa suka fi dacewa da jariri. Duk wadda ta zaɓi garin gida, dole ta toshe wannan giɓi da wani abu daga dabba kusan kullum: ƙwai dafaffe sosai, garin busasshen kifi da aka cire wa ƙaya tas, niƙaƙƙen nama, ko ɗan yankin hanta sau ɗaya a mako. In ba a yi haka ba, yaro zai yi ƙiba a ido amma tafin hannunsa da cikin fatar idonsa su yi fari.

Ta fuskar aljihu kuwa, lissafin ya juya. Gwangwani mai giram 400, in ana ɗibar giram 50 kamar yadda aka saba rubutawa a jikinsa, ci takwas ne. Yaron da ya fara ci sosai, yana ci sau biyu a rana, kwana huɗu ya tashi da shi. Abin da ke faruwa a gidaje da yawa shi ne uwa ta ga gari yana ƙasa, sai ta rage cokali ta ƙara ruwa don ya kai ƙarshen wata. Daga nan an koma tsululun koko ke nan, sai dai wannan mai tsada ne. Ayon ɗin da aka saya dominsa ya ragu daidai da yadda aka rage garin. In kin san ba za ki iya saye a kai a kai ki dama shi yadda aka rubuta ba, kada ki ɗora abincin yaron a kansa. Kuɗin gwangwani ɗaya zai haɗa miki garin gida mai yawa, har da canjin sayen ƙwai.

Sai maganar zaƙi. Da yawa daga cikin garin gwangwanin da ake sayarwa a kasuwanninmu akwai ƙarin sukari a ciki. A 2024 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta fitar da rahoto cewa Cerelac da ake sayarwa a ƙasashen Afirka da Asiya yana ɗauke da ƙarin sukari, alhali irinsa na alkama da ake sayarwa a Jamus da Ingila babu. Ki riƙa juya gwangwani ki karanta jerin kayan haɗinsa, ki kuma duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Illar zaƙin nan ba ta haƙora kaɗai ba ce. Yaron da ya buɗe baki da abu mai zaƙi mai santsi, ranar da aka miƙo masa faten wake ko tuwo da miyar kuka sai ya kawar da kai, a wayi gari yana shekara ɗaya da rabi bai san komai ba sai gwangwani. Garin gida yana da ƙamshin soyayyar gyaɗa da gero, ɗanɗanon da zai tarar a tukunyar gidan, kuma ke ce mai iko da abin da ke shiga ciki. Amma in za ki zuba masa sukari cokali biyu, kin zubar da wannan fifikon da hannunki. Ayaba nunanna da aka murƙushe ko dafaffen dankalin Hausa sun isa su ba shi zaƙi.

Wajen tsafta kowanne yana da inda yake kasawa. Na gwangwani ba a dafa shi, ruwa kawai ake zubawa, don haka lafiyarsa tana ga ruwan: a tafasa shi, a bari ya huce ya zama mai ɗumi, sannan a dama. Wanda yaro ya rage a zubar. Cokali mai laima kada ya shiga gwangwani, a rufe shi ruf, a kuma bi wa'adin da aka rubuta na bayan buɗewa. Na gida yana hawa wuta ya tafasa, wannan kariya ce babba, amma haɗarinsa yana tun daga kasuwa. Gyaɗa da masara da suka sha laima suna yin fumfuna mai fitar da gubar afalatoksin, wadda ke cutar da hanta kuma ake danganta ta da tsumburewar yara. Suya ba ta kashe ta, dahuwa ma haka. Maganinta tsincewa: ki baza gyaɗar a faranti, duk ƙwayar da ta yanƙwane, ta yi baƙi-baƙi, ta fashe ko ƙwaro ya huda, ki fitar da ita. Gyaɗa mai arha da aka share daga ƙasan buhu ba ta jariri ba ce.

Ga yadda ake haɗa garin. Awon da ma'aikatan abinci mai gina jiki suka saba koyarwa, musamman a arewa maso gabashin Najeriya inda ake kiransa Tom Brown, shi ne 6 da 3 da 1: gwangwanin madara shida na gero, uku na waken soya, ɗaya na gyaɗa. Geron a tsince, a rege tsakuwa, a jiƙa ya kwana, a tsane, a shanya ya bushe ƙarau, a ɗan soya shi sama-sama a busasshiyar tukunya. Waken soya shi ne mai aiki, kuma nan ake yawan yin kuskure. A jiƙa shi ya kwana, a murje a zubar da ɓawon, a tafasa kamar minti 20 zuwa 30, a shanya, sannan a soya har ya yi ruwan ƙasa, ƙarnin ya fita. Ɗanyen waken soya yana da sinadarin da ke hana jiki narkar da furotin, zafi ne ke kashe shi. In an yi masa ha'inci wajen dahuwa, shi ne za ki ga cikin yaro ya kumbura, yana tusa, yana zawo, a ce garin bai karɓe shi ba. Gyaɗa a soya, a murje, a fece jan ɓawon. A haɗa duka a kai inji. Ki je da sassafe kafin a niƙa barkono ko kayan yaji, ko ki sa a fara wanke injin da ɗan hatsi. In an dawo a baza garin ya huce kafin a tankaɗe, don in aka rufe shi da zafinsa zai yi gumi ya lalace. A ajiye a roba mai murfi inda babu laima. Kada ki yi wanda zai wuce mako biyu zuwa uku, saboda man gyaɗa da na soya suna canza wari in sun daɗe, balle a lokacin zafi.

Damunsa ba irin na koko ba ne da ake sheƙa wa tafasasshen ruwa a sauke. Ki kwaɓa cokali biyu zuwa uku da ruwan sanyi don kada ya yi gudaji, ki juye a cikin ruwan da ke tafasa, ki yi ta juyawa a kan wuta kamar minti biyar zuwa goma. Da kin sauke ki sa ƙaramin cokali ɗaya na manja ko man gyaɗa. Gwajin kauri: ki ɗebo a cokali ki karkata shi. In ya zube nan take, ya yi ruwa. In ya tsaya yana saukowa a hankali, ya yi daidai.

In yaron yana wahala da mai kauri, akwai dabarar da masu kunun zaƙi suka daɗe da sani, wato tsiro. Gero ko dawa da aka jiƙa aka rufe har ya tsira, aka shanya, aka murje saiwar da tohon aka zubar, aka niƙa. Ki sauke kunun mai kauri, ki bari ya ɗan huce, ki barbaɗa rabin ƙaramin cokali na garin tsiro ki juya. Cikin 'yan mintuna za ki ga ya saki da kansa ba tare da an ƙara ko ɗigon ruwa ba, domin tsiron yana narkar da sitacin. Sai ki mayar da shi wuta ya sake tafasa sau ɗaya. Yaro ya sami abinci mai nauyi a siffar mai laushi.

Yawan abin da za a ba shi ɗaya ne ko wanne kika zaɓa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga wata 6 zuwa 8 sau biyu zuwa uku a rana, a fara da babban cokali biyu zuwa uku, a riƙa ƙarawa har ya kai rabin kofi mai cin mililita 250. Daga wata 9 sau uku zuwa huɗu, da ɗan abin taɓawa a tsakani. Bayan shekara ya kai kashi uku cikin huɗu na kofin ko kofi cike, yana kuma cin abincin gida. Nono yana nan har shekara biyu. A makonnin farko in ya turo abincin da harshe ko ya yamutsa fuska, ba ƙi ba ne, koyo yake. Wani abincin sai an gwada masa sau da yawa kafin ya karɓa.

Abin da za mu ce ki yi shi ne ki mai da garin gida ginshiƙi, ki riƙa sauya abin da kike sa masa: yau ƙwai, gobe garin kifi, jibi kabewa ko dakakken zogale ko alayyafo da aka dafa ya yi laushi. Ki biyo da gwanda, mangwaro ko ruwan lemon zaƙi kaɗan a cokali, domin bitamin C yana taimaka wa jiki ya tsotsi ayon. Shayi kuma akasin haka yake yi, kada a ba shi. Idan asibitin da kike zuwa awo suna raba garin bitamin na 'yan ƙananan fakiti, ki karɓa. Ana juya shi a cikin ɗan abincin da kika tabbata zai cinye, bayan ya huce, ba a cikin tukunya a kan wuta ba, kuma a ci cikin rabin awa. Gwangwani ki ajiye shi don ranar tafiya, ranar biki, ko ranar da aiki ya sha kanki. Kada ki cika filas da kunu tun asuba ki yi ta ba shi har la'asar, domin kunun da ya koma ɗumi-ɗumi na sa'o'i nan ƙwayoyin cuta suke hayayyafa. Dafaffen abincin da ya wuce awa biyu a ajiye ba na jariri ba ne sai an sake tafasa shi. Wadda kuma take da halin sayen gwangwani kullum, babu laifi, amma ta nemi marar ƙarin sukari, kuma tun daga wata bakwai ta fara haɗa masa da abincin tukunya.

Akwai abubuwan da babu ruwansu da wanne gari kika saya. Kada a zuba kunu a fida a faɗaɗa hudar. Wanke ta da wuya, kuma ita ke tilasta a tsinka abincin. Kofi da cokali, yaro yana zaune a miƙe a cinyarki. Ɗura, wato a kwantar da yaro a toshe masa hanci a kwarara masa kunu ta tafin hannu, a bar ta gaba ɗaya, ko wa ya ce a yi. Yana kuka yana jan numfashi, kunun yana iya bi ta hanyar iska ya sauka a huhu, ya zama ciwon nimoniya ko ya shaƙe shi nan take. Zuma sai ya cika shekara, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jariri. Gishiri da dunƙulen ɗanɗano ma a ɗebi nasa kafin a sa. Kunun kanwa ba nasa ba ne. Gyaɗa a niƙe kawai. Ƙwayarta, da aya, da guntun ɗanyen karas suna maƙale wa ƙananan yara a maƙogwaro.

Ranar da za ki fara ba shi garin mai gyaɗa da soya, ko ƙwai, ko kifi, ki ba shi kaɗan da safe don ki sami yinin lura da shi, kuma kada ki haɗa sabbin abubuwa biyu a rana ɗaya. 'Yan ƙuraje masu ƙaiƙayi da suka taso jim kaɗan bayan ci, a dakatar da abin a nuna wa ma'aikacin lafiya. Kumburin leɓe ko fuska, amai a jere, ko numfashi da ƙyar, wannan asibiti ne kai tsaye. Canjin launin kashi da ƙarfinsa a makon farko ba abin damuwa ba ne. Ki ci gaba da kai shi awo kowane wata. In layin nauyinsa ya kwanta ko ya sauka wata biyu a jere, ki gaya musu abin da yake ci da yadda kike dama shi, su auna damtsensa.