Wata tara da eriyar Mini-Whip: abin da na kama a ƙasa da kilohaz 30

Ranar da saƙon ya iso sai da na sake duba takardar oda, don na zaci an yi kuskure. Ɗan bututun roba ne fari, tsawonsa bai kai taƙi ɗaya ba, sai wani ɗan akwati kamar na ashana. A cikin bututun akwai allon lantarki, sashe ɗaya falle ne na jan ƙarfe da bai wuce santimita 4 ba, ɗaya sashen kuma taransisto biyu da 'yan tarkacensu. Wannan fallen shi ne eriyar. Ni da na saba ɗaura waya mai mita 20 daga darbejiyar ƙofar gida zuwa katanga don kama gajeren zango, abin ya yi min wuyar yarda.

Sunanta Mini-Whip. Wani ma'abocin rediyo ɗan ƙasar Holan, mai alamar kira PA0RDT (sunan da ake gane shi da shi a iska), shi ya zana ta kuma ya saki zanen ga kowa, shi ya sa masu haɗa ta suna sayarwa suka yi yawa a intanet. Tawa daga wajen ɗaya daga cikinsu na saya, a kuɗin da bai kai na ƙaramar wayar hannu ba. An tsara ta ta kama daga kilohaz 10 har zuwa megahaz 30, amma ni can ƙasa nake nema, tsakanin kilohaz 3 da 30, inda zango ɗaya ke kaiwa kilomita 10 zuwa 100.

Abin da ya ja ni can wata tasha ce a Girimeton ta ƙasar Suwidin, mai alamar kira SAQ. An gama ta a 1924 don aika telegiram zuwa Amurka, kuma na'urar watsawarta ta asali ba ta da taransisto ko kwalbar rediyo ko ɗaya. Wani ƙaton inji ne mai juyawa, ƙirar injiniya Ernst Alexanderson, yake haifar da sigina a kan kilohaz 17.2, ya tura ta cikin wayoyin da ke rataye a kan hasumiyoyi shida, kowacce mita 127. UNESCO ta saka wurin cikin kayan tarihin duniya a 2004. Har yanzu ana tayar da injin 'yan lokuta a shekara, musamman wajen ƙarshen Yuni ko farkon Yuli da kuma ranar 24 ga Disamba, a aika ɗan gajeren saƙo da haruffan Mos, wato rubutun telegiram na gajeren sauti (ɗigo) da dogon sauti (ja). Daga nan arewacin Najeriya zuwa can kusan kilomita 5,000 ne. Na ƙudura a raina sai na ji wannan injin daga gida.

To a irin wannan zango ba a maganar yanka waya daidai da tsawonsa. Zangon SAQ ya haura kilomita 17, kwatansa kaɗai ya fi kilomita 4. Dabarar Mini-Whip ita ce ba ta ma gwada hakan. Fallen jan ƙarfen yana tsintar ɗan bambancin ƙarfin lantarki da ke tsakanin inda aka rataye shi da ƙasa, taransiston farko ya karɓa ba tare da ya danne shi ba, na biyu ya tura shi cikin wayar kwaksiyal, irin wadda ake ja wa dish. Ɗan akwatin nan kuwa a ɗaki yake zama, yana aika wutar bolt 12 sama ta cikin wayar guda. Ni ina haɗa shi da katin sauti mai ɗaukar kilohaz 96, wanda ke ba ni damar ganin komai har kusan kilohaz 48 a manhajar Spectrum Lab, wadda kyauta ce.

Makonni ukun farko ban ga komai ba sai tarkace. Na ɗaure ta a jikin tankin ruwa a saman rufi, na kunna, allon ya cika da layuka reras kamar haƙoran mataji, lasifika kuma tana gurnani. Laifi biyu ne suka haɗu. Na farko na mai sayarwa ne: ya haɗo min da wata 'yar caja mara nauyi, wadda ita kanta take zuba ƙara cikin wayar, ga kuma bakin haɗin da ba a yi masa dalma da kyau ba, ana taɓa shi sigina ya yanke. Na ajiye cajar na koma ƙaramin batir, na sake narka dalmar da hannuna. Wanda ba ya iya wannan ɗan gyaran, ina ganin zai sha wahala da kwafin da ake sayarwa da araha.

Na biyu shi ne wurin da na sa ta, kuma a nan darasin yake. Wannan eriya ba ta san bambancin siginar da ta taso daga Turai da ƙarar da ta fito daga ɗakin girki ba. Duk abin da ke tsinka wuta da sauri yana yi mata ihu a kunne: inbata, akwatin cajin sola, cajar waya, ƙwan fitila na zamani, talabijin. Wutar gari kuma tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma ninkin wannan kaɗawar yana hawa har cikin kilohaz da dama. Na gane hakan ne wani dare da aka ɗauke wuta. Kamar an share allo, layukan suka ɓace, sai ga wasu zare-zare masu kauri sun bayyana tsakanin kilohaz 18 da 27. Ban yi minti biyu ina kallonsu ba maƙwabta suka tayar da janareto, inbatoci suka karɓa, komai ya sake nutsewa. Amma na riga na ga cewa eriyar tana aiki.

Daga nan na bi abin da masu amfani da ita suka daɗe suna faɗa. Na sauke ta daga rufi, na kai ta ƙarshen fili bayan gida, nesa da wayoyin gini gwargwadon iko, a kan fayif ɗin roba mai mita 5. Na kafa sandar ƙarfe a ƙasa a gindin fayif ɗin na haɗa ta da rigar wayar kwaksiyal, domin ƙarar da ke biyo bayan wayar daga ɗaki ta zube a nan kafin ta kai sama. Na naɗa wayar sau da yawa a zoben ferait, wani ɗan zobe mai tare ƙara, kusa da ɗaki. Wannan sandar ta ƙasa ita ta fi komai tasiri, kuma a rani sai na riƙa zuba mata ruwa, don busasshiyar ƙasarmu ba ta ɗaukar wuta da kyau. Ko kalma ɗaya game da wannan babu a 'yar takardar da mai sayarwa ya saka a kwalin.

Bayan gyaran, zare-zaren nan suka zama abokan zama. Tashoshin sojojin ruwa ne da ke magana da jiragen ƙarƙashin teku, saboda irin wannan dogon zango yana iya kutsawa 'yan mitoci cikin ruwan gishiri, abin da gajeren zango ba ya yi. Akwai ta Italiya a tsibirin Tabolara a kan kilohaz 20.27, ta Jamus mai alamar DHO38 a kan 23.4, ta Turkiyya a kan 26.7, da dare kuma ta Amurka da ke jihar Main a kan 24. Saƙonsu a kulle yake, ba abin da mutum zai fahimta, kuma ba shi ake nema ba. Ƙarfin siginar ake kallo. Ta Jamus ta saba yin shiru na awa guda da safe, daga ƙarfe 8 zuwa 9 agogon Najeriya, kuma ranar da na ga layin ya yanke a kan lokaci ya dawo a kan lokaci, ranar na tabbatar ba ƙarar wata na'urar unguwa nake bi ba.

Abin da ya fi burge ni ban ma sa shi a lissafi ba da farko. Waɗannan sigina suna tafiya ne a tsakanin doron ƙasa da wani rufi na sararin sama da hasken rana ke cajawa, wanda ke kusan kilomita 70 da rana, ya ɗaga sama da dare. Na bar kwamfuta tana rubuta ƙarfin tashar Italiya kwana da kwanaki, sai ga zanen yana nuna asuba da magariba ƙarara: rana a miƙe lafiyayye, dare yana hawa da sauka, ga wani lotsawa a lokacin fitowar rana. Masu bibiyar fashewar wuta a jikin rana da wannan hanyar suke gane ta, domin tana sauya rufin nan cikin mintoci. Ɗan abin da bai cika tafin hannu ba ya sa ina ganin fitowar rana a zane ina zaune a ɗaki.

A da Afirka ta Yamma ma tana da murya a wannan zango. Ɗaya daga tashoshi takwas na tsarin Omega, da jiragen sama da na ruwa ke gane hanya da shi kafin zuwan GPS, tana Laberiya kusa da Monrobiya, tana watsawa tsakanin kilohaz 10 da 14. An rufe tsarin a 1997. Da tana nan, da ita ce za ta fara cika min allo.

Damina kuwa wani babi ne. Kowace walƙiya tana sakin sigina mai faɗi da ke tafiya dubban kilomita, a lasifika sai ka ji ƙas-ƙas kamar ana soya wani abu a mai. Tun sama tana garau nake jin hadarin da ke can nesa. Abin sha'awa ne, amma shi ya cinye min watsawar SAQ ta tsakiyar shekara, ko alamarta ban gani ba. Kuma a nan zan ja kunne: sanda ce a tsaye a fili da waya har cikin ɗaki. Da na ga hadari ya haɗu nake cire wayar daga waje gaba ɗaya. Sau ɗaya na makara, tsawa ta faɗi a unguwa, taransiston farko ya mutu. J310 ne, ba shi da tsada, amma a sayi biyu ko uku a ajiye tun da wuri.

Wa zan ce ya saya? Mai fili, ko mai inda zai je bayan gari, kuma mai haƙurin bin ƙara har ya gano tushenta. Wanda ke zaune a gidan haya tsakanin inbatoci huɗu, gara ya naɗa eriyar zobe ta waya, wadda ba ta cika ɗaukar ƙarar kusa ba kuma ana iya juya ta a kauce wa inda ƙarar ke fitowa. Sannan ta karɓa ce kawai, ba a aikawa da ita. Ma'abota rediyo masu lasisi da ke gwaji a kan kilohaz 136, inda ƙa'idar duniya ta taƙaita ƙarfin da ke fita daga eriya zuwa wat 1, suna amfani da irinta ne wajen sauraro.

Don watsawar Disamba ban yarda da gari ba. Na tafi ƙauyenmu tun jajibiri, na roƙi Baffa ya bar ni in kafa fayif a gonarsa da aka riga aka girbe. Ya dubi kayan ya ce, “Ɗana, wannan ɗan abin ne zai jiyo maka ƙasar Turawa?” Na ce, “In Allah ya yarda, Baffa.” Ya sa yara suka kawo min tabarma da ruwan zuba wa sandar. Hunturu ne, babu hadari a kusa, ko da yake ƙas-ƙas ɗin bai ɗauke duka ba, don a lokacin ana ruwa a yankin Kwango, inda walƙiya ta fi yawancin duniya yawa. Babu turken wuta ko ɗaya a kusa, kwamfuta da eriya duk a kan batir.

Kafin ƙarfe 9 na safe, lokacin da masu kula da SAQ suke ɗumama injin, wani siririn layi ya fito daidai kan 17.2, yana yankewa yana dawowa. Na matse tacewar manhajar iya matsewa, na danna abin sauraro a kunne. Saƙon gaba ɗaya ban iya karanta shi ba, ƙarar walƙiyar nesa tana cinye rabinsa. Amma sau biyu na tsinci haruffa uku a jere, ɗigo uku, sai ɗigo da ja, sai ja biyu da ɗigo da ja: S, A, Q. Na ajiye rikodin ɗin, na kunna wa Baffa sau uku kafin ya ce shi ma ya ji ɗan fiton a ƙarƙashin ƙarar.