Gargaɗi: masu "lissafin ƙaddara na ƙasar Sin" a WhatsApp sun cinye jarin ƙanwata

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, in faɗa ko in yi shiru, domin ta shafi gidanmu kuma ba abin alfahari ba ce. Sai jiya wata mata da ke sayen kaya a hannuna ta turo mini hoton tallar masu "lissafin ƙaddarar" nan, tana tambayata ko gaskiya ce, tunda ina zuwa ƙasar Sin. A nan na gane shirun ba zai amfani kowa ba. Ƙanwata ta yarda in rubuta, da sharaɗin kada in kama sunanta.

Akwai wani shafi da ke yawo a Facebook da TikTok, wai na wani babban malamin lissafi daga ƙasar Sin. Za ka ga bidiyon wani dattijo Basine mai farin gemu, zaune gaban jan ƙyalle, hayaƙin turare na tashi, an ɗora murya da Hausa a kai. Abin da muryar ke nanatawa shi ne wannan ba duba ba ne, ba bokanci ba ne, lissafi ne tsantsa irin wanda attajiran Sin ke yi kafin su buɗe kamfani. Ka turo ranar haihuwarka a lissafa maka kyauta. A ƙasa ga lambar WhatsApp ta "wakilinsa a Najeriya".

Ƙanwata tana sayar da atamfa da leshi daga gida. Kasuwa ta yi mata sanyi, ga bashin da mata suka riƙe mata. Ta ce tunda kyauta ne, kuma an ce lissafi ne, me za ta rasa? Ta manta banza ba ta kai zomo kasuwa. Wakilin ya nemi cikakken sunanta, ranar haihuwa, sunan mahaifiya da hoton fuskarta. Washegari ya turo mata wata takarda mai gidaje takwas cike da rubutun Sinanci, da dogon saƙon murya: wai ita mace ce mai taimako amma ba a gode mata, kuɗi na shigowa hannunta amma ba sa zama, kuma akwai wata ta kusa da ke mata hassada. Da take ba ni labari daga baya ta ce, "Yaya, wallahi kamar a gidanmu yake kwana." Na ce ta nuna mini mace ɗaya mai sana'a a unguwarmu da wannan bayanin bai hau kanta ba.

Bari in tsaya in faɗi mece ce wannan takarda, domin na yi shekaru ina kai-kawo tsakanin biranen Guangzhou da Yiwu na ƙasar Sin, kuma abin ba baƙo ba ne a can. Sinawa na kiran duba gaba ɗaya suan ming, wato lissafa ƙaddara. Wannan nau'in sunansa Bazi, ma'ana haruffa takwas. Ana ɗaukar shekara, wata, rana da sa'ar da aka haifi mutum, ginshiƙai huɗu ke nan, kowanne a ba shi haruffa biyu: ɗaya daga wani jeri na goma da suke kira na sama, ɗaya daga wani jeri na goma sha biyu da suke kira na ƙasa. Goma sha biyun nan su ne dabbobin da kuke ji: ɓera, sa, damisa, zomo, dodon nan mai jikin maciji da suke kira long, maciji, doki, akuya, biri, zakara, kare da alade. Kowane harafi kuma an jingina shi da ɗaya cikin abubuwa biyar: itace, wuta, ƙasa, ƙarfe da ruwa. Mai duban zai ɗauki harafin sama na ranar haihuwarka a matsayin kai kanka, ya ga wane abu ya yi maka yawa, wanne ya yi kaɗan, daga nan ya shiga zancen arziki da aure da lafiya, yana yanka rayuwarka shekara goma-goma. Tsohon abu ne ƙwarai. Ana danganta tushensa ga Li Xuzhong na zamanin daular Tang, sai Xu Ziping ya zo daga baya ya tsara shi yadda ake yi yau, har ana kiran hanyar da sunansa.

To, daga nan asirin mutumin ya fara tonuwa. Bazi ba ruwansa da sunan uwa. Abin da yake buƙata shi ne rana, sa'a, wurin haihuwa, da ko namiji ne ko mace. Sunan uwa kayan aikin 'yan dubanmu ne na gida, masu hisabi da bugun ƙasa. Wanda ya ce Basine ne ya aiko shi, amma ya buɗe baki da "yaya sunan mahaifiyarki", ya riga ya faɗa maka makarantar da ya yi. Ku kuma sake duba abin da ya karɓa: cikakken suna, ranar haihuwa, sunan uwa, hoton fuska. Irin tambayoyin da banki ke yi ne idan yana son ya tabbatar kai ne mai asusu.

Sa'ar haihuwa kuwa ko tambaya bai yi ba. A lissafinsu yini ya kasu kashi 12, kowane kashi awa biyu, na farko daga ƙarfe 11 na dare zuwa 1. In babu sa'a, ginshiƙi na huɗu babu shi, haruffa shida kawai za a samu. Amma takardar da ya turo gidajenta takwas duk a cike. Daga ina ya samo biyun? Abin dariya ma, ranar da ta ba shi, 1 ga Janairun 1990, ba ranar haihuwarta ba ce. Kawunmu ne ya rubuta ta haka lokacin da aka je yi mata takardar shaidar shekaru, kamar yadda aka yi wa da yawa daga cikinmu. Hajiyarmu ta ce da damina ta haife ta, ana tsaka da noma.

Sai babbar maganar da ya tsorata ta da ita. Ya ce tunda a 1990 aka haife ta, ita Doki ce, 2026 kuma shekarar Doki ce, don haka ta yi karo da Tai Sui. Tai Sui a imaninsu wani abin bauta ne mai riƙe da ragamar shekara, kuma suna ganin wanda dabbarsa ta dawo yana cikin hatsari, shi ya sa za ka ga Basine da jan zare a hannu ko jar safa a irin wannan shekara. Gaskiya ne 1990 Doki ce, 2026 ma Doki ce. Amma shekararsu ba a 1 ga Janairu take farawa ba. Sabuwar shekarar 1990 ta kama 27 ga Janairu, masu Bazi kuwa daga Lichun, ranar da suke ɗauka farkon bazara, suke ƙirga tasu, wajen 4 ga Fabrairu. Ta kowace hanya aka bi, wanda aka haifa 1 ga Janairun 1990 Maciji ne. Na tura takardar ta WeChat, manhajar hira ta Sinawa, ga wani dattijo Basine da nake sayen kaya a shagonsa, mutumin da ya yarda da abin nan sosai. Dariya ya yi, ya ce ko yaron da ya fara koyo jiya ba zai yi wannan kuskuren ba.

Wani abu kuma da wakilin ba zai faɗa ba: ba Doki kaɗai ake cewa ya saɓa wa Tai Sui a 2026 ba, har da ɓera da sa da zomo. A 2025 maciji ne da alade da damisa da biri. Kowace shekara kusan kashi ɗaya cikin uku na mutane suna cikin jerin "masu hatsari". Kasuwa ce da ba ta rasa masu saye.

Kada wani ya ɗauka ina cewa a bar na jabu a nemi na gaske. Kalmar "lissafi" da suke fakewa da ita, iyakarta wajen fitar da haruffan takwas, kuma wannan akwai manhajojin waya da ke yi kyauta cikin daƙiƙa. Da zarar an ce haruffan sun nuna za ki yi asara a wata kaza, an bar lissafi an shiga duba, ko da wane yare aka yi shi. Hadisin yana cikin Sahihu Muslim, kowa ya san shi: wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta dare arba'in. Ko a hankalce ma, duka-duka yadda haruffan za su iya haɗuwa 518,400 ne, kuma a kowace awa biyu ana haifar jarirai kusan dubu talatin a duniya. Duk waɗannan ƙaddararsu ɗaya ke nan?

Yanzu ga yadda kuɗin suka tafi. Bayan ya tsorata ta, ya ce akwai magani: awarwaron baƙaƙen duwatsu mai ɗauke da wata dabba ruwan zinari da suke kira Pixiu, wadda wai take janyo dukiya ba ta fitarwa. Naira dubu 45. Wannan ya ƙona mini rai fiye da sauran, domin na sha wucewa ta rumfunan da ake sayar da shi a kasuwar Yiwu, a zube cikin leda, dozin-dozin, kuɗin guda bai kai na kwanon shinkafa ba. Yawancinsu gilashi ne da ƙarfen da aka yi wa fenti.

Bayan mako ɗaya ya dawo, wai malam ya sake dubawa ya ga awarwaron bai isa ba, sai an rubuta laya an ƙona a wurin bautarsu da sunanta. Dubu 120. Ya turo mata bidiyon wasu mutane suna ƙona takarda, irin wanda kowa zai iya saukewa daga intanet. Kowane biya da lambar asusu daban, da suna daban, kuma duk sunayen 'yan gida ne, babu Basine ko ɗaya. Ya kuma ja mata kunne kada ta faɗa wa kowa, musamman mijinta, wai bakin mutane na karya aikin.

Na ukun shi ne ya gama da ita. Ya kira ta da dare, murya na rawa, wai malam ya ga hatsarin ya tashi daga kanta ya koma kan ɗanta na fari, kuma hanyar da ta rage ita ce ta turo jarinta gaba ɗaya a "wanke" shi, a dawo mata da shi bayan kwana uku. Uwa ce, ta tura dubu 400. Wannan dabarar ma ba sabuwa ba ce. 'Yan sanda a San Francisco, New York, Landan da Sydney sun sha gargaɗi kan irinta, inda ake tare tsofaffin mata Sinawa a hanya a ce musu ɗansu zai mutu, su zuba kuɗi da gwala-gwalai cikin jaka a yi musu addu'a, sai an koma gida a tarar an musanya jakar. A cikin ƙasar Sin kanta an sha kama gungun masu duba ta intanet, samari da 'yan mata zaune a ofis da rubutattun amsoshi, suna sayar da layu, a gurfanar da su kan laifin damfara. Abin da Sinawa ke ɗaure mutane a kansa shi aka fassara mana da Hausa.

Da kwana ukun suka cika, maimakon kuɗi sai ya ce wasu lambobi za su shigo wayarta ta saƙo, ta karanto masa don a "saki" kuɗin. Allah Ya taimake ta a nan jikinta ya ba ta, ta kira ni tana kuka. Ashe lambobin sirri ne na buɗe asusunta na banki. Da ta karanta, da sauran abin da ke ciki ma ya tafi.

Da safe muka je banki aka rufe katinta, ta canza lambobin sirri, muka shigar da koke a rubuce da rasidin kowane biya, muka kuma kai rahoto EFCC. Naira dubu 565 ne jimilla, kuma har yau ko kwabo bai dawo ba. Duk wadda ta riga ta tura musu bayananta, ko da ba ta biya komai ba, ta je bankinta yau ta faɗa musu. In kin biya, kada ki goge hirar don kunya. Ki ɗauki hoton kowane saƙo da lambar asusun, ki gaya wa mijinki ko wani babba a gida, domin shirun da suka sa ki yi shi ne jarinsu. Kuma ki shirya, za a iya kiranki daga wata lamba a ce za a ƙwato miki kuɗinki in kin biya wani abu. An kira ƙanwata haka sau biyu.

Awarwaron dai ya iso, a cikin ledar da aka aiko ta tashar mota, babu ko tambarin ƙasar waje. Yana nan a aljihun teburina, fentin ya fara ɓarewa. Shafin kuma ya canza suna, amma dattijon bidiyon shi ne, muryar ita ce, kuma har sun fara tallar 2027, shekarar Akuya.